Takardar Harajin Ɗan Siyasa Ba Ta Karantuwa a Minti Uku

Daren Talata, 14 ga Maris 2017, kimanin sa'a ɗaya da rabi kafin shirinta na ƙarfe tara, Rachel Maddow ta tashar MSNBC ta sanar a Twitter cewa takardun harajin Donald Trump sun shigo hannunsu. Amurkawa sun fi shekara suna jiran jin wannan magana, don haka mutum fiye da miliyan 4 suka zauna gaban talabijin. Da shirin ya fara, ta ɗauki kusan minti 20 tana shimfiɗa, aka tafi talla aka dawo, sannan aka nuna takardar. Shafi biyu ne kacal na shekarar 2005, waɗanda ɗan jarida David Cay Johnston ya tsinta a akwatin wasiƙunsa babu sunan mai aikowa. Kafin a kai ga nunawa, Fadar White House ta riga ta fitar da sanarwa ta faɗi alƙaluman da bakinta: kuɗin shiga sama da dala miliyan 150, haraji dala miliyan 38. Da gari ya waye, abin da ya zauna a kan jama'a shi ne, ashe mutumin yana biyan haraji.

Ya kamata a riƙa koyar da wannan dare a makarantun aikin jarida. Takardar ta gaskiya ce, alƙaluman daidai suke, babu wanda ya yi ƙarya. Inda aka kuskure shi ne abin da aka sa mutane su jira. An ja musu rai da alkawarin tonon asiri, alhali abin da ke hannu aikin lissafi ne da ke son natsuwa. A ganina talabijin yana ɓata irin wannan labari ne saboda ya ƙwallafa rai a kan adadi ɗaya, wato nawa ya biya, ya bar tambayoyin da suka fi shafar mai jefa ƙuri'a: wa ke ba wannan mutum kuɗi, wa ke bin sa bashi, kuma wace doka ce in ya sa mata hannu aljihunsa zai amfana?

Fom ɗin da masu biyan harajin kuɗin shiga a Amurka ke cikawa shi ne mai lamba 1040. Shafukansa biyu na farko jimla kawai suke ɗauke da ita, kamar bangon littafi. Bayanin yana can cikin shafukan da ake haɗawa da shi a baya: na B yana nuna kuɗin ruwa da ribar hannun jari, a ƙasansa kuma akwai tambayar ko mutum yana da asusu a ƙasar waje, na C na kasuwancin da mutum ke yi shi kaɗai ne, na D ribar sayar da kadara, na E kuɗin haya da rabon da ke zuwa daga kamfanonin haɗin gwiwa. Mutum irin Trump, mai ɗaruruwan kamfanoni, takardunsa na shekara ɗaya kan kai ɗaruruwan shafuka. Wanda ya riƙe biyu na sama ya ga jimlar ruwan da ke cikin randa, amma bai san rijiyar da aka ɗebo shi ba.

Duk da haka akwai labari mai nauyi a shafukan nan biyu. A layi na 44, inda ake rubuta harajin kuɗin shiga na yau da kullum, an sa kimanin dala miliyan 5.3. A layi na 45 kuwa an sa kimanin miliyan 31, kuma wannan wani haraji ne na daban da ake kira AMT. Asalinsa ya koma 1969, lokacin da Sakataren Baitulmali Joseph Barr ya shaida wa Majalisa cewa gidaje 155 masu samun sama da dala 200,000 ba su biya ko sisi na harajin kuɗin shiga na tarayya ba a 1966. Sai aka ƙirƙiro tsarin da ke sake lissafa wa mai kuɗi harajinsa bayan an janye wasu rangwamen, ya biya wanda ya fi yawa cikin lissafin biyu. Trump ya rubuta asarar dala miliyan 103 a layi na 21, abin da ya zaftare harajinsa na yau da kullum, AMT ne ya damƙo shi. Da babu shi, da abin da zai biya bai kai kashi 4 cikin ɗari na kuɗin shigarsa ba, maimakon kusan kashi 25. Shi kuma wannan haraji yana cikin waɗanda Trump ya yi yaƙin neman zaɓe a kan zai soke.

Nan labarin yake: shugaban ƙasa yana neman soke harajin da ya ci masa dala miliyan 31 a shekara ɗaya. Don a yi adalci, an faɗi wannan a cikin shirin, Johnston ya yi bayaninsa. Amma ya zo ne bayan an gajiyar da mai kallo, kuma washegari tashoshi sun koma muhawarar ko Maddow ta yi zuzutawa, aka bar jaki ana dukan taiki. A Disambar wannan shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar haraji da ta soke AMT ga kamfanoni, ta kuma ɗaga iyakarsa ga ɗaiɗaikun mutane har masu biyansa suka ragu ƙwarai. Da an bi zaren tun daga Maris, da mai kallo ya fahimci muhawarar Disamba.

Akwai kuma hatimin da ke shafi na biyu, wanda ya nuna kwafin mai takardar ne, ba wanda ke ajiye a hukumar haraji ba. Johnston da kansa ya ce ba zai kore yiwuwar cewa daga ɓangaren Trump takardar ta fito ba. Ba a tabbatar da hakan ba, amma tambayar wajibi ce. Duk takardar da ta zo wa ɗan jarida ba tare da ya nema ba, wani ne ya zaɓi shekarar, ya zaɓi shafukan, ya zaɓi ranar. Shekarar 2005 shekara ce da mutumin ya samu kuɗi sosai kuma ya biya haraji mai kauri. Shekara ɗaya ba ta nuna halin mutum a harkar haraji, musamman mai harkar gine-gine, domin dokar Amurka ta ba shi damar jan asarar bana ya rufe ribar baɗi da ita.

Wannan jan asara shi ne abin da talabijin ya fi kasa bayyanawa. A Oktoban 2016 jaridar New York Times ta wallafa shafuka uku na takardun Trump na 1995, masu nuna asarar kusan dala miliyan 916. A dokar wancan lokaci ana iya mayar da irin wannan asara baya shekara 3, a kuma ja ta gaba shekara 15. Jaridar ta yi taka-tsantsan, ta ce asarar za ta iya ba shi damar ƙin biyan harajin kuɗin shiga har tsawon shekara 18. Da maganar ta faɗa bakin masu sharhi a talabijin, "za ta iya" ta riƙa zamewa, ya zama kamar an tabbatar bai biya komai ba shekara 18. Ƴar kalmar nan da ta faɗi ita ce ta bai wa magoya bayansa ƙofar cewa ƙarya ake yi masa, kuma takardar 2005 da ta zo daga baya ta ƙara musu ƙarfi.

Ita kanta kalmar asara tana ruɗar mutane. Wanda ya ji ta zai zaci kuɗi ne suka fita daga aljihu. Sau da yawa a takarda kawai take. Doka ta yarda mai ginin kasuwanci ya riƙa cire kuɗin ginin kaɗan-kaɗan cikin shekara 39 a matsayin tsufa, gidan haya kuma cikin shekara 27 da rabi. Mai ginin dala miliyan 39, ban da kuɗin fili, zai rubuta miliyan 1 kowace shekara a matsayin abin da ya rasa, ko da darajar ginin a kasuwa hawa take yi. Mai gabatar da shiri da bai san wannan ba zai faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya ce mutumin ya karye, ko ya ce ɓarawo ne. Mai yiwuwa babu ɗaya daga ciki. Akwai tazara mai faɗi tsakanin bin ƙofofin da doka ta bari a buɗe da kuma zambar haraji, wadda laifi ce da ake ɗaure mutum a kanta. Haɗa su a baki ɗaya zalunci ne ga wanda ake magana a kansa. Kuma yana ɓoye wa talaka abin da ya fi ciwo, cewa yawancin dabarun masu kuɗi halal ne a doka, kuma 'yan siyasa ne suka rubuta dokar.

Misalin Mitt Romney, ɗan takarar shugabancin Amurka a 2012, ya fito da wannan fili. Takardunsa na 2010 sun nuna kuɗin shiga dala miliyan 21.7 da haraji kashi 13.9 cikin ɗari. Bai karya doka ba. Yawancin kuɗinsa ribar jari ce da ake caji kashi 15 a lokacin, yayin da albashi mafi girma ake caji har kashi 35. Shafukan baya ne suka nuna ya taɓa riƙe asusu a Switzerland. A takardun 2011 kuma ya ba da sadakar kimanin dala miliyan 4 amma ya nemi rangwame a kan miliyan 2.25 kawai, don kada kasonsa ya faɗi ƙasa da kashi 13 da ya riga ya faɗa wa jama'a. Irin wannan ba ya fitowa sai an zauna an karanta. Amma abin da ya cika tashoshi a bazarar wannan shekara shi ne zargin Sanata Harry Reid cewa wani ya gaya masa Romney ya yi shekara goma bai biya haraji ba, zargin da bai kawo masa hujja ba. An yi ta maimaita shi saboda yana da daɗin faɗa, kuma dimokuraɗiyya ba ta ƙaru da komai ba.

To me ya kamata ɗakin labarai ya yi idan irin wannan takarda ta shigo? Kafin komai, a tabbatar ta gaskiya ce, kuma tabbatarwa ba kallon hatimi ba ne. A takardun 1995 akwai abin da ya tayar wa 'yan New York Times hankali: a adadin asarar, lambobi biyu na farko, 9 da 1, sun sha bamban da sauran a siffa, kuma sun ɗan kauce daga layi. Duk mai hankali zai yi zargin ƙari aka yi. Sai ɗaya daga cikinsu ya tafi Florida ya samu tsohon akantan da ya shirya takardun, ya nuna masa. Akantan ya gane sa hannunsa, ya kuma bayyana cewa manhajar kwamfutar da yake aiki da ita a lokacin ba ta iya buga adadi mai lamba tara, shi ya sa ya zura takardar a tafireta ya ƙara biyun da hannunsa. Abin da ya yi kama da alamar jabu sai ya zama shaidar sahihanci. Wanda bai yi wannan tafiya ba yana iya faɗawa inda tashar CBS ta faɗa a Satumban 2004, lokacin da ta nuna takardu kan aikin sojan George W. Bush da ta kasa tabbatarwa, abin da ya ci aikin ma'aikata da dama, Dan Rather, wanda ya gabatar da rahoton, kuma ya sauka daga kujerar labaran dare bayan watanni.

Bayan tabbatarwa, a ba akanta ko lauyan haraji takardar ya kwana da ita kafin a kunna kyamara. Al'adar miƙa wa ƙwararre takarda ana kan iska yana karantawa yana hasashe ita ce ke haifar da kuskuren da ba ya gyaruwa. A aika wa ɗan siyasar tambayoyi a rubuce da wa'adin amsa. A rufe lambar shaidar ɗan ƙasa da sunayen yara da adireshi kafin a ɗora shafi a allo. Kada a yi shelar abin da ke hannu kafin a shirya, domin sa'a ɗaya da rabi da aka bai wa Fadar White House ita ce ta ba ta damar riga kowa tsara yadda za a fahimci labarin. Sannan a faɗa wa mai kallo tun a jimlar farko iyakar abin da aka samu: shekara kaza, shafi kaza, ga abin da ya nuna, ga abin da ba zai iya nunawa ba. Takardar haraji ba ta faɗin yawan dukiyar mutum, kuɗin da suka shigo a shekara take nunawa. Ba ta kuma jera sunayen masu bin sa bashi.

Batun bashi ne ya fi damuna, domin nan ne talabijin ya fi yin sake. Ranar 27 ga Satumba 2020 New York Times ta fito da binciken takardun Trump na sama da shekara 20. Adadin da ya mamaye ko'ina shi ne dala 750, harajin kuɗin shiga na tarayya da ya hau kansa a 2016, haka ma a 2017. Adadi ne mai kama zuciya, domin malamin makaranta ya san ya fi haka biya. Amma a cikin rahoton akwai cewa Trump ya tsaya da kansa a matsayin lamuni ga basussukan dala miliyan 421, yawancinsu lokacin biyansu zai cika cikin shekara huɗu, wato a tsakiyar wa'adi na biyu da yake nema. Akwai kuma dala miliyan 72.9 da hukumar haraji ta IRS ta mayar masa, waɗanda take bincike a kai, hukumar da shi ke naɗa shugabanta. Shugaban da banki ke riƙe da wuyansa, kuma yana da rigima da hukumar da ke ƙarƙashinsa, lamari ne da ya shafi tsaron ƙasa da amanar mulki. An ambace su, amma dala 750 da kuɗin gyaran gashi na kimanin dala 70,000 su suka cinye lokacin.

Kwana biyu bayan haka, a muhawarar 'yan takara, mai gabatarwa Chris Wallace ya yi abin da ya dace. Bai ce "ka biya haraji?" ba, domin ya san amsar za ta koma kan harajin gidaje da na ma'aikata da na jihohi. Ya ƙayyade tambayar ga harajin kuɗin shiga na tarayya a 2016 da 2017. Trump ya ce ya biya miliyoyin daloli. A nan ma sanin takarda ke raba gardama: rahoton ya nuna ya tura dala miliyan 1 da kuma miliyan 4.2 lokacin da ya nemi ƙarin wa'adin cika fom, amma da aka kammala lissafi harajin ya koma 750, yawancin kuɗin aka ajiye masa don shekarun gaba. Kuɗin da aka tura daban, harajin da ya hau kai daban. Ɗan jaridar da bai riƙe wannan bambanci ba, da an amsa masa sai ya yi shiru.

Haka uzurin Trump na "ana bincikena, shi ya sa ba zan fitar ba". An yi shekaru ana karɓarsa a hira bayan hira, alhali IRS ta faɗa tun 2016 cewa babu abin da ya hana mutum bayyana takardunsa. Shugaba Richard Nixon ma ya fitar da nasa a Disambar 1973 ana tsakiyar rigima a kansu, bayan Jack White na jaridar Providence Journal ya bankaɗo cewa dala 792 ya biya a 1970, dala 878 a 1971. Daga wannan badaƙala ce al'adar bayyana takardu ta samo asali. Al'ada ce kawai, babu dokar da ta tilasta. Abin da dokar 1978 ta tilasta shi ne fom ɗin bayyana kadarori da basussuka, wanda kowa zai iya dubawa, sai dai yana nuna daraja ne tsakanin kaza da kaza, mafi girma kuma "sama da dala miliyan 50". Sunayen bankunan da ke bin ɗan takara bashi suna cikin wannan fom. Yana nan a fili, ba ya buƙatar a sato shi, wataƙila shi ya sa ba ya jan hankalin masu shirya shiri. Satowar ma tana da tsada: Charles Littlejohn, ɗan kwangilar IRS da ya kwarmata wa New York Times takardun Trump, an yanke masa ɗaurin shekara biyar a Janairun 2024.

Da kwamitin haraji na Majalisar Wakilai ya saki takardun Trump na shekara shida ranar 30 ga Disamba 2022, jama'a sun gaji, hankali ya tafi hutun sabuwar shekara. Abin da kwamitin ya gano ya fi duk alƙaluman nauyi. Tun 1977 IRS take da ƙa'idar bincika takardun kowane shugaba mai ci duk shekara, amma a shekara biyun farko na mulkin Trump ba ta yi ba, sai a Afrilun 2019, ranar da shugaban kwamitin, Richard Neal, ya rubuta yana neman takardun. Gazawar hukuma ce da za ta shafi duk shugaban da zai zo, kuma ba ta samu ko kusa da lokacin da aka bai wa shafi biyu na 2017 ba.

Mu a Najeriya wannan cuta ba baƙuwa ba ce, sai dai tamu takardar ita ce fom ɗin bayyana kadarori na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa mai riƙe da muƙami ya cika shi lokacin kama aiki, da kowace shekara huɗu, da lokacin sauka, har da dukiyar 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 18 ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana nasa ga jama'a a Yunin 2007, kimanin naira miliyan 856. Goodluck Jonathan ya ƙi, ya kuma faɗi haka ƙarara a hirar talabijin a Yunin 2012. A Satumban 2015 fadar Muhammadu Buhari ta fitar da taƙaitaccen bayani, ba fom ɗin kansa ba, sai hira ta koma kan shanu 270 da tumaki 25 da dawakai 5, kamar yadda ta koma kan dala 750 a Amurka. Hukumar kuwa ta sha ƙin bai wa masu nema fom ɗin, tana cewa Majalisar Tarayya ba ta gindaya sharuɗɗan dubawa ba, duk da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011.

Takardar shaidar biyan haraji da ɗan siyasa kan ɗaga a gaban kyamara shekara uku kawai take nunawa, kuma hukumar tara haraji ta jihar da yake zaune ce ke ba da ita. In gwamna ne, shi ya naɗa shugaban hukumar. Mai gabatar da shiri da ya san aikinsa zai karanta kuɗin shigar da aka rubuta a kanta, ya ajiye kusa da kuɗin fom ɗin takara da mutumin ya saya a jam'iyyarsa, ya tambaye shi daga ina cikon ya fito. Ga wanda ya gama wa'adi kuma, sai a roƙe shi a gaban jama'a ya kawo fom ɗin da ya cika ranar shiga da wanda ya cika ranar fita, a shimfiɗa su gefe da gefe, a bi su layi-layi: gidaje, filaye, asusun banki, hannun jari, bashi.